Hular Kwanon Da Na Saya Masa

Sallama gare ku, masu bibiyar wannan shafi. Kwana tara ban rubuta komai ba, kuma duk na ga saƙonninku. Wasu sun tambaya ko an sa rana ne na ɓuya, wata baiwar Allah har cewa ta yi in turo mata kalar ankon tun da wuri. Ba a sa rana ba. Ku ba ni hankalinku in faɗa muku yadda aka yi daki-daki, kamar yadda nake yi wa 'yan aji huɗu idan darasi ya yi musu nauyi, don ni ma ta haka kawai nake iya ɗaukarsa.

Saboda waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Bara'atu, ina koyarwa a wata firamare a nan Birnin Kudu. Mahaifina, Malam Ismail, tsohon direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar haya kafin ciwon ido ya sa ya ajiye. Mu biyu ne 'ya'yansa, ni da Yaya Mika'ilu. Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya. Yana dawowa daga gonarmu ta Wurno a kan babur, awaki suka tsallako titi, ya kauce musu, kansa ya bugi bakin kwalbati. Ko ƙwarzane babu a sauran jikinsa. Baba ne ya riƙe kansa a cinya tun daga wurin har ƙofar babban asibiti, kuma kafin a shiga da shi rai ya yi halinsa. Ranar sadakar uku, a gaban 'yan'uwa, Baba ya rantse da Allah cewa muddin yana numfashi ba zai ba da 'yarsa ga mai hawa babur ba. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi a lokacin, don ba ni da manemi.

Sai Allah ya haɗa ni da Abdulsamad, mutumin Gwaram, kuma ɗan acaɓa.

Tun rasuwar Yaya na daina hawa babur, da ƙafa nake zuwa makaranta ko da ana ruwa. Shi ya lura da haka. Maimakon ya dame ni da hon kamar sauran, sai ya riƙa sauka yana tura babur ɗinsa a gefena har kwanar makaranta, yana ba ni labarin ƙannensa da na fasinjojinsa. Wata biyu yana wannan turin kafin ya tambayi sunana. Rannan na gaya masa rantsuwar Baba. Bayan sati uku sai ga shi a bakin makaranta cikin adaidaita sahu ta hannu. Ya sayar da babur ɗin, ya haɗa da ragunansa biyu. Bai tsaya nan ba, ya kai ta wurin mai walda aka yi mata 'yan ƙofofi a gefe, aka ɗinka mata labulen tamfol mai taga, ya shimfiɗa mata kafet a ƙasa, ya gyara abin share ruwan gilashi. In ya sauke labulen ya rufe ƙofofin, za ka rantse wata ƙaramar mota ce.

Ƙanin Baba, Bappa Munzali, shi ya ɗauki maganarmu a kansa. Ya yi ta zarya wurin Baba yana lissafa masa: tana da rufi, tana da gilashi, tana da ribas, mutum uku suna zama a baya su jingina. A wane gari aka taɓa ganin babur mai ribas? Baba yana jin sa yana jan carbi. Rannan dai ya ɗago ya ce yaron ya kawo ta ranar Lahadi ya gani da idonsa, in abin ya yi, manyansa su taso daga Gwaram Asabar mai zuwa.

Da Bappa ya tafi, Inna ta ja ni ɗakin girki ta rage murya. Ta ce in buɗe kunnena da kyau. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya a tasha ya fi kowa sanin cewa abin nan kan babur gare shi, ba sitiyari ba. Bai tambayi wannan ba, bai tambayi takarda ba, kuma ba mantuwa ya yi ba.

"Ubanki hanyar fita yake nema daga rantsuwarsa," in ji ta. "Kada wani ya tare masa."

Na ce to. Wallahi na ji ta, kuma na zaci na fahimta.

Yanzu sai in koma baya kaɗan, in gaya muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Wata uku da suka wuce, wata abokiyar aikina za ta Kano, na roƙe ta ta sayo min hular kwano. Baƙa ce, da jan layi a tsakiya, da gilashin da ake saukewa a fuska. Dalili kuwa, duk ranar Juma'a Abdulsamad yana tafiya Gwaram duba mahaifiyarsa, kuma daga lokacin da ya ce min ya kama hanya har ya ce ya sauka, ba na iya duba littafin yaro ko ɗaya. Sai in riƙe jan biro ina kallon layi ɗaya. Na san manyan motocin hanyar nan, na san yadda iskarsu kaɗai take girgiza adaidaita.

Ranar da na ba shi hular a cikin leda, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce shugaban ƙungiyarsu ya gaya musu tun ranar da ya yi rajista cewa maganar hular kwano ta masu ƙafa biyu ce, su masu rufi a ka ba wanda yake tambayarsu. Ya ce in nuna masa ɗan adaidaita ɗaya a faɗin Jigawa da yake sa kwano. Na bari ya gama. Sannan na gaya masa abin da likita ya faɗa wa Baba a kan Yaya Mika'ilu, cewa da akwai wani abu a kansa, da wataƙila da ƙafarsa zai koma gida. Dariyar ta tsaya. Ya ciro hular daga leda ya sa a gabana, ya ɗaure igiyar a haɓa.

Tun daga ranar bai fita babu ita ba. A tasha suka sa masa suna Ɗan Sama Jannati. In ya shigo layi sai su tambaye shi yaya ya baro wata, ko can ma ana ruwa. Tsofaffin mata masu zuwa asibiti kuwa sun fi son tasa, sun ce wanda yake tsoron kansa zai ji tsoron nasu. Ya taɓa ba ni labarin wani jami'in hanya da ya tsayar da shi, ya duba takardunsa ya ga komai daidai, sannan ya ƙwanƙwasa hular da yatsa ya tambaye shi wace hukuma ce ta sa shi wannan. Ya ce masa wata hukuma ce da ta fi tasu tsanani, tana koyarwa a aji huɗu.

Na yi dariya a lokacin. Na kuma ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Asabar da yamma, ana gobe zai zo, na zauna na tsara komai a takarda kamar mai shirya darasi: lokacin zuwa, kayan da zai sa, inda zai tsaya. Sannan na tura masa.

Na rubuta: Ka zo bayan la'asar kaɗan, kada ka makara. Ka sa farar shaddar nan. Ka wanke ta sosai har tayoyi.

Ya amsa: An gama, Malama. Wace hula, damanga ko ta sama jannati?

Na daɗe ina kallon tambayar. Sai na tuna Baba da kan Yaya a cinyarsa, na ce a raina babu abin da zai sanyaya masa zuciya kamar ya ga yaron da yake kiyaye kansa ba tare da an tilasta masa ba. Na rubuta: Ka sa ta kwanon a hanya, in ka tsaya sai ka canja. Ina so Baba ya gani.

Ya turo: Yadda kika ce.

Kun ga, ba shi ya yi kuskuren ba. Ina so wannan ya zauna a ranku kafin mu ci gaba.

Lahadi da safe aka yi ruwa mai yawa, zuwa azahar gari ya washe. Inna ta dama kunun aya ta sa a randa ya yi sanyi, ta yi dambun zogale. Na share ƙofar gida sau biyu, na shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin darbejiya, na ɗora buzun Baba a kai. Na sa shuɗiyar atamfata mai zanen ganye da hijabi ruwan toka, ko da yake na san ba fita zan yi ba. Wurina yana cikin zaure, bayan ƙyaure, inda katakon ya tsage kaɗan. Tun ina yarinya ta nan nake leƙen baƙin Baba.

Baba ya fito da farar jallabiya da carbinsa, Bappa Munzali ya zauna a damansa yana ta gyara babbar riga kamar shi ne angon. Ba a jima ba muka ji ƙarar injin daga kwana. Ta shigo layinmu tana sheƙi, yana kauce wa kwatamin ruwa a hankali. Ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda na ce. Ya buɗe 'yar ƙofar ya fito, farar shadda har ƙasa, baƙar hula mai jan layi a kansa.

Carbin Baba ya tsaya. Na gani da idona, yatsunsa suka tsaya a kan ƙwaya ɗaya. Amma ya ci gaba da ja, ni kuma na ce wa kaina mamaki ne na jin daɗi.

Abdulsamad ya cire hular ya ajiye a kujerar gaba, ya sa damangarsa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna. Suka gaisa. Baba ya tambayi mutanen Gwaram, ya tambayi damina, ya tambayi jikin mahaifiyarsa. Sannan ya dafa gwiwa ya tashi ya nufi adaidaitar. Ku zo ku ga tsohon direba. Ya danna taya da babban yatsa. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa ko mai yana ɗiga. Ya buɗe ƙofar ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, ya ce mai waldan nan ya san aikinsa. Ya sa aka tayar da injin ya saurara da kai a karkace, ya ce a duba fulogi kafin sati ya fita. Har ya shiga baya ya zauna ya jingina, ya sauke labulen, muryarsa ta fito daga ciki yana cewa ai ko ruwan ƙanƙara ake yi mutum ba zai jiƙe ba. Bappa ya juyo wajen zauren ya ɗaga min gira, don ya san ina nan. Na toshe bakina da hijabi.

Baba ya fito ya zagayo ta gaba. Ina kallo ya ɗauke idonsa daga kan nan nata irin na babur da ake tuƙa ta da shi, kamar bai gan shi ba. Amma hular tana zaune a tsakiyar kujera, ba yadda za a yi ido ya tsallake ta. Ya tsaya. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya juya ta, ya sa tafinsa a ciki ya shafa soson.

"Wannan fa?"

"Ta kariya ce, Baba."

"Doka ce ta ce ku sa?"

Abdulsamad ya ce a'a, su ba a tambayarsu, shi ne dai yake sawa.

Baba ya sake juya hular a hannunsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, ba faɗa a ciki.

"Shekara talatin da ɗaya ina jan mota, ban taɓa kifa kwano a kaina ba. Mai mota ba ya sawa." Ya mayar da ita kan kujera. "Ba ni lasisinka."

A nan zan gaya muku cewa Bappa ya riga ya ja wa Abdulsamad kunne tun ranar Alhamis. Ya ce masa in tsautsayi ya sa aka tambayi lasisi, ya ce bai fito ba tukuna, yana can Dutse ana aiki a kai. Don haka kafin kowa ya motsa Bappa ya yi gyaran murya ya ce wa Baba ai Yaya ka san halin takardun nan, an yi hoto an yi komai, fitowa ce ta rage.

Abdulsamad yana tsugune yana kallon ƙasa. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba, ya ciro katin, ya miƙa da hannu biyu.

Baba ya karɓa ya nisanta shi da fuskarsa, ya matso da shi, ya sake nisantawa. Idon ba ya ganin ƙananan rubutu. Bai miƙa wa Bappa ba. Bai ko juyo ba ya kira sunana, da muryar da yake kirana in kawo masa ruwan alwala.

"Bara'atu. Fito. Ke ce malama."

Na fito na nufi gindin darbejiyar. Na durƙusa. Ya sa min katin a hannu ya ɗora yatsa a gefen hoton, ya ce in karanta masa harafin da aka rubuta a wurin aji. Ga hoton Abdulsamad yana kallona, ga shi kansa a tsugune taku uku daga inda nake, ga Bappa yana min wani irin kallo na roƙo. Kullum sai na gaya wa yara su karanta abin da ke kan allo, ba abin da suke so ya kasance ba.

Na ce, "A ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Na masu babur. Irin na Mika'ilu."

Ya karɓi katin ya mayar wa mai shi. Ya ce masa Allah ya yi masa albarka da bai yi masa ƙarya ba, ya gaida mutanen gida, ya kama hanya kafin hadarin gabas ya taso. Ya naɗe buzunsa da kansa ya shiga gida. Kunun ayan Inna yana randa har washegari, sai maƙwabta aka raba wa.

Litinin gidanmu kamar an yi sabuwar rasuwa. Bappa ya zo da safe ya zo da yamma. Ina jiyo shi daga ɗaki yana cewa ya tambayi liman, rantsuwar da ta tare alheri ana warware ta, a ciyar da miskinai goma shi ke nan. Baba ya ce ya sani, tun Munzali yana tallan rake ya san wannan. Bappa ya ce to yaron ya fita neman lasisin mota mana. Baba ya ce ko ya kawo lasisin jirgin sama, abin da zai hau gobe da safe shi ne dai abin da ya hau yau.

Ni kuwa ina ɗaki da waya. Na rubuta wa Abdulsamad cewa laifina ne, ya yafe min. Ya amsa cewa hula ba ta yi laifi ba, ni ma ban yi ba. Na tambaye shi me ya sa bai bi maganar Bappa ba, kalma uku ce kawai. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Abin da ya iso shi ne: Mutumin da nake so in kira Baba har in mutu, da ƙarya zan fara masa?

Na kifa wayar a kan filo. Da na sake ɗauka na tambaye shi ko zai iya barin adaidaitar gaba ɗaya. Ya ce ya kwana yana wannan tunanin. In ya bar ta sai dai ya koma yaron mota, ya yi shekaru kafin wani ya yarda ya ba shi tuƙi, kuma tukunyar gidansu a Gwaram da wannan ƙafa ukun take tafasa. Ya bar ƙafa biyu saboda ni. Ta ukun ba tasa ba ce shi kaɗai.

Talata bayan la'asar Baba ya aiko Inna ta kira ni. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa, gwangwanin da yake ajiye tsofaffin takardunsa yana gefe a rufe. Na zauna a bakin tabarma. Ya ce ya yi ta juya abin a ransa, yaron da ba doka ce ta sa shi ba, abokan sana'arsa ba sa yi, ina ya samo wannan dabara? Ya tambaye ni wa ya saya masa hular.

Na ce ni ce.

Ya ce ya zaci haka. Ya tambaye ni dalili. Na buɗe baki in ce saboda kiyayewa, in kawo bayani mai kyau irin na makaranta, sai hawaye suka riga ni. Ya bar ni na yi. Da na lafa ya nuna min wani ƙullin buhu a jikin bango, ya ce geron kaffara ne, tun ranar Juma'a ya auna shi ya ajiye, kafin yaron ya zo. Rantsuwa ba ita ce ta tsaya masa ba.

"Na ga rufi na ga ƙofa, na ce wa zuciyata ta yi shiru, mota ce. Sai na ga ke ba ki yarda mota ba ce." Ya share gefen idonsa da yatsa. "Uwarki ta yi zaman jiran nan shekara talatin da ɗaya, kuma ni a cikin ƙarfe nake. Ki je ki kwana da maganar. Gobe da safe in kin dube ni kin ce gabanki ba zai riƙa faɗuwa duk sanda ya fita ba, zan ba da geron nan, mutanen Gwaram su zo Asabar."

Da na koma ɗaki Inna ta biyo ni ta turo ƙofa. Ta ce in faɗa kawai. Ta ce babu matar direban da ba ta yi wannan ƙaryar ba, ita kanta sau nawa yana dawowa daga hanya ta ce masa barci ta sha, alhali a bakin ƙofa ta yi sallar asuba. Ta ce ana aure da tsoro, ana haihuwa da shi, ana tsufa da shi, ga ta nan ba ta mutu ba. Na tambaye ta, in da za a mayar da ita baya fa? Ta tsaya tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce in bar tambayar abin da ba a tambaye ni ba, in je in haddace amsata.

Na haddace. Gabana ba zai faɗi ba, Baba, na dogara ga Allah. Na maimaita ta ina wanke-wanke, na maimaita ina goge kayan makaranta, har ta zauna a bakina sumul.

Laraba da safe na shirya tsaf, na sa farin hijabin aiki, na rataya jaka, na je gaishe shi. Yana kan buzu da kofin koko a gabansa bai taɓa ba. Na durƙusa na ce ina kwana. Ya amsa. Sannan ya ɗago ya dube ni da idanun nan da suka yi fari-fari a gefe, yana jira. Na ga yana so in faɗa. Wallahi so yake in faɗa, ko da ya san ba haka ba ne. Kuma na ga cewa in na faɗa, duk ranar da wani abu ya faru a hanyar Gwaram, shi zai ce da hannunsa ya ba da ni.

"Ina jin tsoro, Baba. Kullum." Muryata ta fito ƙarama. "Amma ko ban aure shi ba zan ji."

"Za ki ji shekara ɗaya, ko biyu," ya ce. "Ba za ki ji da goyo a bayanki ba."

Ya sa min albarka, ya ce na yi gaskiya, in tashi kada in makara. Ina ɗaura takalmi a zaure na ji yana gaya wa Inna a kira masa Munzali, a sanar da mutanen Gwaram kada su wahalar da kansu ranar Asabar.

Na je makaranta. Na kira suna, na koyar da rabawa, na raba faɗan yara biyu a kan fensir. Ba wanda ya lura da komai, sai wata 'yar layin gaba da ta ce Malama idonki ya yi ja, na ce alli ne.

Da aka tashi, yana nan a gindin mangwaron bakin makaranta inda ya saba tsayawa. Ya kashe injin yana zaune a gefen kujera, ƙafafunsa a ƙasa. Na jira yara suka watse sannan na ƙarasa. Bai gaishe ni da Malama ba kamar kullum. Ya ce Bappa ya kira shi, amma yana so ya ji daga bakina me aka tambaye ni, me na ce. Na gaya masa duka, ban rage ba, har da geron da maganar Inna.

Ya dubi tayar gaba.

"Da kin ce ba kya tsoro, da na san ƙarya kika yi," ya ce. Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Amma da mun yi aure."

Ya ce ba zai bari mahaifiyarsa ta ji a waya ba, ta riga ta sayi goro ta gayyaci ƙannenta, gara ya je da kansa yau. Na ce ya bari sai Juma'a mana, ga hadari yana haɗuwa. Ya ce in ya kai Juma'a ba zai iya faɗa ba. Ya tayar da injin, ya ja 'yar ƙofar ya rufe, ya hau titi. Na tsaya da jakar littattafai a kafaɗa har ya sha kwana.

Ƙarfe biyu da rabi ke nan. Ƙarfe uku aka fara ruwa. Da la'asar na tura masa: Ka sauka lafiya? Ba ni da sauran hurumin tambaya, na sani, amma na tura.

Yanzu ana shirin kiran magariba. Littattafan 'yan aji huɗu arba'in da biyu suna gabana, na buɗe na farko tun ɗazu. Baba yana alwala a tsakar gida, ina jin ƙarar butarsa. Saƙon nawa har yanzu alama ɗaya ce a jikinsa, bai shiga ba.